Daga Dutsen Murufu Zuwa Iyafis: Yadda Ƙara Ta Matso Kunnen 'Ya'yanmu

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Birnin Kudu ya san duwatsun da ke gefen gari, ya kuma san cewa a cikinsu akwai waɗanda in ka ɗauki ɗan dutse ka ƙwanƙwasa su sai su amsa da amo irin na ƙarfe. A jikinsu akwai 'yan gurabu masu santsi, inda hannuwan waɗanda suka riga mu suka yi ta duka har dutse ya lotsa. A 1955 Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya zo nazarin zanen shanun da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, sai ya ci karo da waɗannan duwatsu masu amo, ya kuma tarar ana danganta Dutsen Murufu da al'adar aure ta garin. Ya buga labarinsu a mujallar Man a 1956, daga nan masana suka bazama neman irinsu a wasu ƙasashe.

Suna cikin kayan sauti mafi tsufa da muka gada a wannan yanki, kuma suna da wata ɗabi'a da ta kamata mu tuna. Mai son jin amonsu sai ya taka ya je. In ya je, hannunsa ne zai yi dukan, hannu kuwa yana gajiya. Rana na faɗuwa kowa ya kama hanyar gida, dutse ya yi shiru. Tsakanin wancan dutse da abin da matashi ɗan shekara 15 yake cusawa a kunnensa yau a Kangire ko Basirka akwai doguwar tafiya, kuma a kowane zango an cire wani shinge da yake kare kunne, mu ba mu ankara ba.

Kada mu yaudari kanmu cewa garuruwan kakanninmu shiru suke. Tun asuba ake jin luguden mata, gida ya amsa wa gida. A maƙera guduma tana sauka kan uwar maƙera daga hantsi har la'asar. Ran kasuwa kalangu yana biye da mahauta, da damina gangar noma tana zuga 'yan gayya a kan kunya, ran sallah kuwa a ƙofar hakimi ga ganguna ga algaita, ga 'yan bindiga suna ɗura albarushi suna saki har ƙasa ta amsa. Wasu daga ciki suna da ƙarfin yi wa kunne lahani, musamman bindiga in an harba ta kusa da mutum. Amma kowanne da ranarsa da mai shi. Ba a kaɗa gangar sarauta don an ga dama. Fatar ganga tana saki, muryar zabiya tana dushewa. Kuma kusan duk a fili ake yi, inda sarari yake raba sautin: duk sanda ka ninka tazarar da ke tsakaninka da abin da ke ƙara, ƙarfinta yana raguwa da desibel 6, wato ma'aunin da ake auna ƙarfin sauti da shi. Yaron da ganga ta dama ja da baya kawai zai yi. In an tashi daga dandali, abin da ya rage sai kukan gyare da haushin kare daga nesa, kunne ya samu dare guda cur yana hutawa.

Akwai shaidar abin da irin wannan zama yake yi wa kunne. A 1962 wani likitan kunne Ba'amurke, Samuel Rosen, ya wallafa binciken da ya yi a cikin ƙabilar Mabaan ta Sudan, mutanen karkara da ba inji ba bindiga. Ya tarar tsofaffinsu suna jin siraran sautuka fiye da tsararrakinsu na biranen Amurka nesa ba kusa ba. An yi ta muhawara kan ko abincinsu yana da hannu a ciki, amma binciken ya girgiza tunanin cewa tsufa kaɗai ke cinye ji. Da yawanmu mun taso mun tarar da kaka wadda daga ƙuryar ɗaki take gane takun wanda ya shigo zaure.

Kurumtar da iyayenmu suka sani ta zazzaɓi ce. Yaro yana magana lafiya lau, sai bazara ta zo da sanƙarau, ya kwanta, ya tashi ba ya jin kiran uwarsa. Ko ƙyanda ta bar shi da kunne mai zubar da ruwa, ko hangum ya tafi da kunne ɗaya. Wannan kurumta tana da rana, ana iya cewa shekarar kaza ce, kuma al'umma ta yi mata tanadi gwargwadon hali: ga maganar hannu da kurame da masu ji suke yi a kasuwa da gona, daga baya kuma aka buɗe makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano a 1977. Wanda aka sani sana'arsa tana toshe masa kunne a hankali shi ne maƙeri, sai an ɗaga murya in ana ciniki da tsohonsu. Tun 1713 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya rubuta haka game da maƙeran tagulla na Venis. To amma wannan ciwon dattijai ne da suka tsufa a bakin zuga-zugi. Ba wanda ya taɓa kawo shi ga ɗan makaranta.

Zango na farko shi ne zuwan lasifika. A garuruwa da yawa na ƙasar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram suke cikinta a lokacin, majigi ne ya fara kawo ta: mota ta iso da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a tayar da inji, mai sharhi ya buɗe baki muryarsa ta cika gari. Sai 'yan siyasar shekarun 1950, NEPU da NPC, suka ɗora ta a kan mota suna zaga kasuwanni. A karon farko murya ta fi ƙarfin maƙogwaron mai ita. Sai dai lasifikar wancan zamani baƙuwa ce, ta kwana ɗaya ta wuce, a yi wata ana labarinta.

Rediyo ne ya zo ya zauna. BBC ta fara Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta shigo a 1963, ƙaramin rediyo mai batir kuma ya kai muryar Shata da Ɗanƙwairo da gaisuwar Zaɓi Sonka har rugar Fulani. Muna tuna wannan zamani da ƙauna, kuma ya cancanta. Rediyo na jama'a ne, a tsakiyar tabarma ake ajiye shi a kewaye shi, in wani ya murɗa ya yi yawa dattijo ya ce a rage. Batir ma yana da tsada, da an gama labaru ake kashewa, har a kan shanya batir a rana don ya ƙara kwana biyu. Tsadar batir da kunyar manya sun yi wa kunne gadi ba tare da wani ya shirya hakan ba.

Kuɗin man fetur ne suka sauya lissafi. Da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka dawo daga Kano da babura da rikoda. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya raba kiɗa da makaɗi: yanzu ana iya jin Shata da tsakar dare, a juya kaset a sake, a kuma sakewa. Mai sayar da kaset a tasha ya gane cewa wanda ya fi ƙara shi ya fi ciniki. Masallatai suka sa lasifika, wa'azi ya shiga kaset, siyasar 1979 kuma ta zo da motocin PRP da NPN kowace da ƙahonta a sama.

Amma a ganinmu babu abin da ya canza kunnen karkara a wancan zango kamar injin niƙa, kuma shi ne ba a cika ambata ba. Ya hutar da mata daga dutsen niƙa, ba mai musun wannan alheri. Sai dai a duba wa ake aika wurinsa. 'Yan mata ne ƙanana, su jera ƙore da robobi a ɗan ɗakin langa-langa, su tsaya jiran layi a gefen inji, yau da gobe. Mai zuba hatsin kuma galibi yaron mai inji ne, saurayi, daga safe har magariba, ya yi fari fat da gari, babu komai a kunnensa. Masu kula da lafiyar ma'aikata suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu biyu daga gare ka ya ji ka, to ƙarar wurin ta kai desibel 85 ko ta wuce, kuma awa 8 ne iyakar abin da kunne zai ɗauka a rana a wannan mataki. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a 88 awa 4, a 91 awa 2, a 100 kuwa minti 15 kacal. A ɗakin niƙa ko ihu ka yi sai an bi bakinka da kallo, da hannu ake ciniki. Kuma inji ba ya gajiya yadda damtsen mai lugude yake gajiya. Bayansa injin casar shinkafa ya zo, da na ban ruwa a fadamu, da na walda da na yankan katako, kuma a kowannensu ƙaramin yaro ne ya fi kusa da bakin inji, domin shi ne ɗan koyo.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa daga Kano. Ma'aikata suka ƙaru, shaguna suka ƙaru, kayan lantarki suka shigo, wutar da za ta riƙe su ce ba ta wadata ba. Ƙaramin janareta ya cike gurbin, shi kuma ya haifi gidan kallo: rumfa a rufe ruf don kada wanda bai biya ba ya leƙa, janareta na ruri a bayan zana, an ƙure talabijin don ta rinjayi janareta, samari kuma suna ihu don su rinjayi talabijin. Fim ɗin Hausa, wanda ya kankama da Turmin Danya a 1990, ya zo da waƙoƙin fiyano kafin ƙarshen shekarun 1990, kuma ba a jima ba suka kori makaɗa daga gidajen biki da yawa. Mai kalangu yakan dakata ya sha ruwa, ya tsaya a yi masa kari. DJ kuwa jera manyan sifikoki yake yi ya kunna. Wa ke rawa a gabansu, kai a jikin akwatin? Yara ne. Manya suna can nesa a kan kujeru.

A tsakiyar wannan zango tsohuwar kurumta ta tuna mana tana nan. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, mafi yawa a Arewa, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai yaran da ba su ƙara jin sauti ba. Hankalin hukuma da na iyaye ya tafi can, kuma dole ya tafi. Kurumtar da ƙara ke jawowa kuwa tana ta taruwa a ɗakin niƙa da gidan kallo, ba zazzaɓi balle a kai ta asibiti.

Sai wayar salula. A Agustan 2001 aka fara GSM a Nijeriya, aka ɗauki wasu shekaru kafin sabis ya game ƙauyuka. Da wayoyin Caina masu araha suka iso da rediyo da gurbin memori a jikinsu, sai ga sabuwar sana'a: mai caji da tura waƙa, a ƙarƙashin lema da kwamfutarsa, ya cika maka memori a kan kuɗi kaɗan. Kamfanin Sony ya fito da Walkman, ƙaramin rikodan da ake saurara a kunne, tun 1979, amma bai taɓa zama kayan ɗan talaka a nan ba. Abin da Walkman ya kasa, iyafis na 'yan nairori ya yi shi cikin ƙanƙanin lokaci.

Da shi aka cire shinge na ƙarshe. Lasifika da rikoda da inji duk tare ake jin su, akwai maƙwabcin da zai yi ƙorafi, akwai uban da zai tsawata. Iyafis ba shi da shaida. Uwa tana ganin ɗanta a kwance shiru tana murna ya natsu, alhali abin da ke zuba cikin kunnensa zai iya haura desibel 100 in an ƙure wayar. Kuma ana ƙure ta, domin iyafis mai araha ba ya tare ƙarar waje. Ɗan acaɓa a kan hanyar kasuwar Sara yana fama da kukan inji da iska, sai ya ƙara murya har waƙa ta hau kansu. Yaron mai niƙa, wanda da inji kaɗai ke cin kunnensa, yanzu ya ɗora waƙa a kai yana ganin ya samu sauƙi. Wasu da shi suke barci. A nan sai mu faɗi wata gaskiya da take da nauyi a baki: ba ruwan kunne da abin da ake saurare. Ɗalibin da ya kwana da karatun Alƙur'ani ko wa'azi a ƙure a kunnensa yana da ladan niyyarsa, amma lahanin da zai samu daidai yake da na mai jin waƙar fim. Haka ma lasifikar da aka kafa dab da kan yara a wurin maulidi ko walimar sauka.

Abin da ke faruwa a ciki ba ya ciwo, shi ya sa yake da haɗari. Can bayan dodon kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa, cike da ruwa, a cikinsa da ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 16,000. Su ke karɓar girgizar sauti su mayar da ita saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su yadda iska take kwantar da gero. In an samu shiru sukan miƙe, shi ya sa wanda ya dawo daga biki kunnensa ya yi dum yana jin wani siririn kuka yakan wayi gari garau. In aka yi ta maimaitawa sai su karye, kuma wadda ta mutu a cikinsu ba ta sake tsirowa. Babu allura ko tiyatar da ke dawo da su, sai dai na'urar ƙara ji, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu.

Waɗanda suke fara mutuwa su ne masu kama siraran sautuka. Wasula da hawa da saukar murya suna tafiya ne a kan sauti mai kauri, ba sa saurin ɓacewa. Baƙaƙe irin su s da sh da ts da f kuwa sirara ne. Don haka yaron yana jin murya sarai, ya san ana magana, ya ma san wa ke yi, amma sara da shara da tsara sun zame masa abu ɗaya. A ɗaki shiru yakan cike gurbin da hasashe. A aji mai cunkoso ko a kasuwa sai zaren ya kuɓuce masa. Mu kuma harshenmu kalma ɗaya ya ba mu: ji. Da ita muke cewa ya ji sauti, yana jin Hausa, yana jin magana. In aka kira yaro sau uku bai waiwayo ba, hukuncin da ke fara zuwa bakinmu shi ne ba ya ji, kunnen ƙashi gare shi, kuma tarbiyya muke nufi. Allah kaɗai ya san yawan bulalar da aka yi wa yara a makarantun boko da na allo a kan laifin da na kunne ne. Wannan yana damunmu ƙwarai, domin shi kansa yaron bai san abin da ya rasa ba, balle ya kare kansa.

Duniya ma ta makara kafin ta farga. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa matasa biliyan 1.1 'yan shekara 12 zuwa 35 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro a waya da wuraren shagali. A 2019 ta fitar da ma'auni: babba kada ya wuce awa 40 a mako a desibel 80, yaro kuwa a desibel 75. Rahotonta na 2024 ya ce mutum miliyan 40 ne suke fama da raunin ji a yankin Afirka, kuma za su iya kai miliyan 54 a 2030. Nijeriya tana da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna tun 1999, tana da dokar ƙayyade ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Amma maganar ba ta iso ɗakin niƙa a Sundimina ko filin biki a Fagam ba.

Tsohuwar kurumta mun san yadda muka tunkare ta. A 2011 Jigawa tana cikin jihohin farko da aka yi wa allurar sanƙarau ta MenAfriVac. A Maris 2024 kuma, a Jigawa da Bauchi da Yobe aka fara ba da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na sanƙarau, Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da ita. An yi shela, masu unguwanni da limamai sun yi magana, iyaye sun fito da 'ya'yansu. Kurumtar da ƙara ke jawowa ba ta da allura, amma bakunan da suka yi waccan shela suna nan. Su gaya wa mai inji ya saya wa yaronsa abin toshe kunne na roba, ba shi da tsada, ya kuma fitar da layin 'yan mata waje. Su gaya wa mai biki ya janye yara daga gaban sifikoki. Mai waya kuma kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfinta, ya riƙa cire iyafis yana hutawa, kada ya kwana da shi.

Ku kuma iyaye da malamai a Birnin Kudu da Gwaram, in kuna da yaron da yake yawan cewa "na'am?", ko yake kafa wa bakin mai magana ido, ko yake ƙorafin kunnensa na kuka da dare, ku dakata da faɗa. Ku kai shi asibiti. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu tun shekarar 2000, ku ce kuna so a duba jinsa, in abin ya buƙaci ƙarin bincike a tura ku Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Gwajin ba ya ciwo, kuma abin da ya rage na jinsa ana iya tsare shi tun daga ranar da aka gano.